Kurakuran da aka fi yi wajen neman zanen allo da madadin ai-si

Duk lokacin da ɗaliban ajin ƙarshe suka shiga aikin furojet, teburina a nan kusa da Taminus a Jos cika yake da allunan Arduino, wato ƙananan allunan lantarki da ake ɗora wa shiri daga kwamfuta, da aka ce sun mutu. Da yawansu da ransu. Wasu kuma gyaran da aka yi musu ne ya ƙarasa su, kuma wannan ya fi ci min rai, don na san yadda yaro yake matse kuɗin abincinsa kafin ya sayi allo guda.

Kafin ka ɗauki ƙarfen dalma, tabbatar allon ya lalace ɗin. Akwai wayar USB da caji kawai take yi, ba ta ɗaukar bayani. Akwai kwamfutar da ba a sa mata direban CH340 ba, wato manhajar da za ta sa ta gane ai-si (IC, guntun lantarki mai ƙafafu) da ke haɗa allon da USB. Allunan Arduino Nano da yawa kuma da tsohon butloda suke zuwa, wato ƙaramin shirin da ke ba allo damar karɓar shiri ta USB, sai ka zaɓi tsohon a cikin manhajar Arduino sannan su karɓi shiri. Waɗannan ukun ba sa buƙatar ko ɗigon dalma.

Kuskuren da ya fi yawa wajen zanen da'irar allo shi ne mutum ya sauko da zanen Arduino Uno na asali ya ɗauka na allonsa ne. A garin Ivrea na Italiya aka fara Arduino a 2005, kuma masu shi sun saki zanensa kyauta, shi ya sa masana'antu da dama suke ƙera nasu suna canza abin da suka ga dama. Uno R3 na asali ATmega16U2 ne a kusa da bakin USB ɗinsa, amma yawancin waɗanda ake kawo mana daga Legas da Abuja CH340 ne a wurin. In ka bi zanen asali kana neman hanya a kan irin wannan allo, za ka kwana kana laluben abin da babu shi. Ɗauki allon hotonsa da waya, ƙara girman hoton, karanta abin da aka rubuta a kan kowace ai-si, sannan ka nemi zane da waɗannan lambobin. Da ka samu, kada ka yarda da shi tukuna. Sa mita a wurin da take yin ƙara idan hanya a haɗe take, ka bi hanyoyi uku ko huɗu daga ƙafa zuwa ƙafa. In sun yi daidai da zanen, to ka ci gaba.

Hoton nan mai launuka da ke nuna sunayen ƙafafu ma ba shi ne zanen da'ira ba, bakin allon kawai yake nunawa. Shi ma yana ruɗa mutane, musamman a ESP32, wani irin allon daban, inda akwai allo mai ƙafa 30 da mai 38, kuma jerinsu ba ɗaya ba ne.

Inda ake asara ta gaske shi ne karanta rabin lamba. Wani yaro ya zo min da ESP32 ɗinsa, ya ce, “Malam, regulato kawai na canza, kuma iri ɗaya na sa.” Na ce, “Ƙanena, karanta min ƙarshen lambar.” Regulaton da ya cire, wato mai daidaita ƙarfin wutar allon, AMS1117-3.3 ne, wanda ya sa AMS1117-5.0. Jiki ɗaya, girma ɗaya, ƙafafu ɗaya, amma ESP32 a kan bolt 3.3 take aiki, iyakarta 3.6, shi kuwa ya ɗura mata 5. Kama da wane ba ta wane, kuma a wannan sana'a bambancin yakan ɓuya ne a haruffa biyu na ƙarshe. Haka wasu suke lanƙwasa ƙafafun regulato 7805 su dasa a gurbin 1117-5.0 don duk bolt 5 suke bayarwa. Jerin ƙafafun 7805 shi ne shiga, ƙasa (GND), fita. Na 1117 kuwa ƙasa, fita, shiga. Ko kunnen ƙarfensu ya bambanta: na 7805 ƙasa ne, na 1117 fita ne.

Ita uwar allon Uno, ATmega328P, tana da 'yan'uwa masu kama da ita sosai. ATmega8 da ATmega168 masu ƙafa 28 suna zama daram a soket ɗin Uno, sai dai ma'ajiyar shirinsu kilobait 8 da 16 ce, ita kuwa 32. ATmega328 marar P tana aiki, amma lambar shaidarta ta ciki daban ce, don haka manhaja za ta iya ƙin ta lokacin ɗora butloda. Wadda nake ja wa mutane kunne a kanta ita ce ATmega328PB. A ƙaramin jikin nan mai ƙafa 32, ƙafa ta 3 da ta 6 na 328P ƙasa ce da wuta, amma a PB an mayar da su ƙafafun shiga da fita. Wanda ya san haka zai iya amfani da ita cikin kula. Wanda bai sani ba, shirinsa na iya taɓa ƙafar nan ya haɗa gajeriyar hanya.

Ko ka sayi 328P ta gaskiya, sabuwa fil, ba za ta karɓi shiri ta USB ba, kuma a nan ne mutane suke komawa shago da faɗa wai an sayar musu da jabu. Babu butloda a cikinta ne, kuma da agogonta na ciki take fitowa daga masana'anta, a kan megahaz 1, ba kiristal ɗin megahaz 16 na allon ba. Aro Arduino mai lafiya ko na'urar ɗora shiri ta USBasp, ka ɗora mata butloda, shi ke nan. CH340 ma biyu ce a kasuwa: G tana buƙatar kiristal na megahaz 12, C tana da nata a ciki. C za ta zauna a gurbin G, amma G ba za ta tashi a allon da babu kiristal ba.

Duk wannan yana cikin takardar bayanin da kamfani yake fitar wa kowace ai-si, kuma kyauta ce. Ta ATmega a wurin Microchip za ka nema, don su suka sayi Atmel a 2016. Ta ESP a wurin Espressif. Kada yawan shafukanta ya tsorata ka. Shafin jerin ƙafafu da shafin iyakar wuta su ne naka. Lura ko zanen daga sama aka kalla ko daga ƙasa, nemi ɗigon da ke nuna ƙafa ta farko, in daga sama ne ka ƙirga saɓanin tafiyar hannun agogo.

Ƙananan kaya irin su 1117 ba sai ka jira saƙo daga Legas ba, tsofaffin dikoda suna ɗauke da su, in dai lambar tana karantuwa. A lokacin hunturu kuma, da iskar Jos ta bushe rigar sanyi tana tartsatsi, taɓa ƙarfe kafin ka taɓa ai-si, ka bar ta a ledarta har sai za ka sa ta.

Kafin ka sa sabuwar, tambayi abin da ya ƙona tsohuwar. Sau da yawa moto ne ko rile aka ɗaura kai tsaye a ƙafar da miliam 20 ya kamata ta bayar, ko an juya wayar batir. In 328P ce a soket ɗin Uno, cire tsohuwar, ka ba allon wuta babu ita, ka auna a soket tsakanin ƙafa ta 7 da ta 8. Sai ka ga bolt 5 a mita sannan ka kashe wutar ka zaunar da sabuwar.