Yadda Malami Zai Haɗa Littafin Rubutu da Labaran Yara a Aji

Malamin da yake son ɗalibansa su ƙware a rubutu, ya fara da ba kowane yaro littafin rubutu nasa na kansa, wanda ba na aikin gida ba ne, ba kuma na jarrabawa ba. Sannan ya zaɓi littafin yara da ya ci lambar yabo, kamar Newbery da ake bayarwa a Amurka tun 1922, ko Caldecott da aka fara a 1938 domin littattafai masu zane, saboda masana sun riga sun tace irin waɗannan littattafai.

Kullum ya karanta wa yara shafi ɗaya ko biyu a tsanake, idan ya iso jimlar da ta yi armashi sai ya dakata, ya rubuta ta a allo, ya tambaye su dabarar da marubucin ya yi. Misali, wataƙila marubucin bai ce yarinyar da ke cikin labarin ta tsorata ba, sai ya nuna hannunta yana rawa a kan ƙyauren ɗaki. Yara su kwafi jimlar a saman shafi, su sa kwanan wata, sannan su yi minti goma suna gwada dabarar da wani abin da ya taɓa faruwa da su.

A ganina, babban kuskure shi ne malami ya cika shafin da jan biro, domin yaron da ya ga haka, gobe layi biyu kawai zai rubuta. A jinkirta gyaran ƙa'idojin rubutu sai ranar da ɗalibi ya zaɓi rubutu guda daga littafinsa zai sake rubuta shi a sabuwar takarda.