Darasi na Bakwai: Ƙudan Zuma da Garin Fure

Manomin kankana yakan yi komai daidai. Ya zuba taki, ya yi ban ruwa a kan kari, yaɗo ya rufe ƙasa, fure ya fito ko'ina. Amma sai 'ya'yan su riƙa zubewa tun suna ƙanana, waɗanda suka tsaya kuma su fito a karkace. Akan ɗora laifin a kan iri, ko a ce ƙasar ce ta gaji. Akwai wani dalili da ba a cika dubawa ba, wato ƙudan zuma ba su sauka a kan furen yadda ya kamata ba. A wannan darasi za mu san ire-iren waɗannan ƙwari, da yadda suke kwasar garin fure, da abin da hakan yake ƙara wa manomi.

Ba iri ɗaya ba ne

Da an ce ƙudan zuma, wanda muke ɗaura wa amya a kan bishiya shi ke zuwa mana a rai. Shi ne muka fi sani, kuma Alƙur'ani mai girma ya ambace shi a Suratun Nahl, aya ta 68 da ta 69. To amma masana sun ƙidaya jinsin ƙudan zuma fiye da 20,000 a duniya, kuma masu yin saƙa irin wadda muke gani a amya kimanin goma ne kacal a cikinsu. Mafi girma duka yana ƙasar Indunusiya, tsawonsa ya kusa santimita 4. Mafi ƙanƙanta bai wuce milimita 2 ba.

Mafi yawansu ba sa zaman taro, ba su da sarauniya, ba sa tara zuma. Kowace mace ita kaɗai take gina ɗakinta, ta ajiye abinci, ta saka ƙwai a kai, ta toshe ƙofa. Kusan kashi 70 cikin 100 na jinsunan a cikin ƙasa suke haƙa rami. Ƙananan ramukan nan da muke gani a bakin gona ko a jikin tsohuwar katanga, wasunsu gidajen ƙudan zuma ne.

Ga uku da kowa zai iya ganewa a karkararmu. Akwai rakuwa, 'yar mitsitsiya marar harbi, wadda take zama a kogon itace ko tsagar bango. Zumarta kaɗan ce, tana da ɗan tsami. Akwai babban baƙin ƙwaron nan mai rugugi da yake huda busasshen itace ko gora ko sandar rumfa, wani da rawaya a gadon bayansa. Yara suna yawan kashe shi, alhali shi ma ɗan gidan ƙudan zuma ne, kuma za mu ga amfaninsa a gaba. Sai mai yankan ganye. Idan kuka ga an gutsure gefen ganye an bar zagaye sumul, aikinta ne, da shi take shimfiɗe ɗakin 'ya'yanta.

Me suke nema a fure?

Abu biyu. Na farko ruwan zaƙin da ke can cikin fure. Shi ke ba su ƙarfin tashi, kuma da shi ake yin zuma. Na biyu shi ne garin fure, wato ƙurar nan mai launin rawaya da take manne wa yatsa idan an taɓa cikin furen kabewa. Wannan gari shi ne abincin da ke gina jikin tsutsotsinsu. In babu shi, 'ya'ya ba za su girma ba, ko da amya ta cika da zuma. Amya ɗaya mai ƙarfi takan ci garin fure kilo 15 zuwa 30 a shekara, wani lokaci ma fiye.

Yadda ake kwasar garin

A nan ya kamata mu natsu, domin nan ne abin al'ajabin yake.

Jikin ƙudan zuma cike yake da gashi, kuma kowane silin gashi yana da 'yan rassa da ido ba ya gani. Tana kutsawa cikin fure sai garin ya maƙale a waɗannan rassa, daga kai har ciki. Ban da haka, yayin da take tashi a iska jikinta yakan ɗauki ɗan ƙarfin lantarki, wanda yake jawo garin ya manne mata tun kafin ta gama sauka.

Daga nan sai tsefewa. Da ƙafafun gaba take share kai da fuska, da na tsakiya take share baya da ƙirji, sannan ta miƙa wa ƙafafun baya. Takan jiƙa garin da ɗan ruwan zaƙi daga bakinta don kada ya watse, ta cuɗa shi ta dunƙula kamar fura. A gefen kowace ƙafar baya akwai ɗan wuri mai zurfi da gashi masu tauri suka kewaye, a nan take danna dunƙulen. Sau da yawa tana yin wannan aiki ne a cikin iska, tsakanin wannan fure da wancan. Duk wanda ya tsaya nesa kaɗan da amya da safe zai ga masu dawowa da ƙulli biyu a ƙafa, wani rawaya, wani ja-ja, wani fari. Launin yana nuna irin furen da suka je. A cikin amya sai ta kakkaɓe kayan a ramin saƙa, wasu ma'aikata su daddanne shi su ajiye.

Sauran jinsuna kowa da dabararsa. Mai yankan ganye a ƙarƙashin cikinta take ɗaukar garin, a bushe, cikin gashi mai kauri. Da yake ba ta jiƙa shi, yana yawan zuba a kan furen da ta sauka, kuma wannan alheri ne ga shuka.

Furen tumatir da gauta da yalo kuwa a kulle garinsu yake cikin ɗan bututu mai ƙaramar ƙofa, sai an girgiza yake fita sosai. Baƙin ƙwaron nan mai huda itace yakan kama furen ya karkaɗa jikinsa da ƙarfi, sai garin ya feso masa a ciki. Ƙudan zuman amya bai iya wannan ba ko kaɗan. Shi ya sa mai lambun tumatir da ya kashe wannan ƙwaro ya kori ma'aikacin da ba ya karɓar lada.

Ina ribar manomi?

Masu dabino sun san cewa akwai namiji akwai mace, kuma sai an kai garin namiji ga macen take yin 'ya'yan kirki. Kankana da kabewa da gurji ma haka suke, sai dai furen namiji da na mace a jikin yaɗo ɗaya suke fitowa. Garinsu yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa. Ƙudan zuma ne ke kai shi. Wani hali nata da ke taimakawa shi ne, idan ta fara da furen kankana, shi za ta yi ta bi har ta koma gida. Furen mace yini ɗaya yake buɗewa, kuma yana buƙatar a sauka a kansa kamar sau takwas ko fiye kafin kankanar ta fito a cike. In garin ya yi kaɗan, sai ta karkace ko ta zube.

Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka buga a 2017, ya gano cewa da aka hana ƙwari kaiwa ga fure, amfanin auduga ya ragu da kashi 37 cikin 100, na riɗi kuma da kashi 59. Kaɗanya ma tana ƙara 'ya'ya inda ƙudan zuma suke da yawa. Gero da dawa da masara kuwa iska ce ke kai musu garinsu, ko da yake ƙudan zuma kan zo su ɗiba.

Abin da ke hannunmu

Babbar ɓarna daga feshi take zuwa. Da hantsi fure yake buɗe, ƙudan zuma suna tsakiyar aiki, kuma a daidai lokacin ne manoma da yawa suke saɓa tankin feshi. Idan feshin ya zama dole, a bari sai yamma liƙis, bayan sun koma gida. A karanta takardar jikin kwalbar maganin, kada a wuce awon da aka rubuta, kuma a sanar da maƙwabci mai amya tun kafin ranar.

Ƙona daji yana cinye gidajen da ke cikin busassun itatuwa da karare, ya kuma hallaka furen da za su ci. Masu cire zuma su yi amfani da hayaƙi mai sanyi maimakon harshen wuta, su bar saƙar da ke da 'ya'ya. A bar ɗan yanki a gefen gona ba a nome ba. Da rani kuma a ajiye kasko da ruwa a inuwa, a jefa tsakuwa a ciki don su sami wurin sauka.

Aikin gida

Gobe da safe, kafin rana ta yi zafi, kowa ya je lambun kabewa ko kankana. A nemo furen mace, shi ne mai ɗan ƙulli a gindinsa. A nemo na namiji, wanda ba shi da ƙulli. A tsaya minti goma a gaban fure ɗaya, a ƙirga ƙwarin da suka sauka, a rubuta adadin a littafi. A duba ko a ƙafa suke ɗauke da garin ko a ciki. Wanda bai ga ko ɗaya ba, ya tsinki furen namiji, ya cire ganyen furen, ya goga tsakiyarsa a hankali a tsakiyar furen mace, ya ɗaura zare a wurin. Bayan mako guda ya zo aji ya faɗa mana ko ƙullin ya girma.