Yadda ake bin gaɓar tekun Ghana da mota a lokacin zaɓe

Ghana na zaɓen shugaban ƙasa da na 'yan majalisa ranar 7 ga Disamba duk bayan shekara huɗu. Mai son ya bi garuruwan masunta daga Akra zuwa Axim a wannan lokaci, ya tsara tafiyarsa bisa kalanda biyu, ta masunta da ta 'yan siyasa, taswira ta zo daga baya.

Hanyar dai guda ce, babbar hanyar N1 da ta yi yamma. Daga Akra zuwa Cape Coast kusan kilomita 145 ne, zuwa Takoradi kuwa ɗari biyu da 'yan kai, sannan wasu sittin da ɗoriya zuwa Axim. Kwana huɗu sun isa: daren farko a Cape Coast ko Elmina, na biyu nan ma, na uku a Takoradi ko Axim, na huɗu a juyo. Ka bar Akra da an sallame asuba. In hantsi ya riske ka kafin ka wuce Kasoa, to sai dai haƙuri, domin cunkoson wurin ko ba zaɓe yana iya cin awa guda.

Garuruwan masunta ba a kan titin suke ba. Winneba da Apam sai ka ratse hagu daga mahaɗarsu ka gangara bakin ruwa. Anomabo da Moree suna kusa da hanya. Elmina ce ya kamata a ba lokaci. Ka tsaya kan gadar da ke bakin tafkin Benya, gab da ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482, tsakanin ƙarfe shida da takwas na safe. A lokacin ne jiragen kwale-kwale ke shigowa bi da bi, mata na jira da manyan kwanonin silba a ka, ana ciniki da Fantanci, harshen mutanen yankin, tun kafin kifin ya taɓa ƙasa. Kada ka sa ranar a Talata. A yawancin garuruwan nan ba a fita teku ranar Talata, sai ka tarar da jirage a ɗaure, maza na ɗinkin koma a inuwa. Kuma kada ka sa ran ganin tulin kifi irin na Yuli zuwa Satumba, wato kakar ƙananan kifin da ake ƙyafewa. Disamba kamun ya ragu, ga hazon hunturu da ke rage gani da safe, don haka ka kunna fitila.

Bakin ruwa yana da shugaba. Sarkin masunta ana ce masa apofohene, shugabar mata masu sayen kifi kuma konkohemaa. In za ka ɗauki hoto ko ka yi tambayoyi, ka nemi a kai ka wurinsa tukuna, ka yi gaisuwa, ka faɗi abin da ya kawo ka. A lokacin zaɓe wannan ya zama dole, don baƙo mai kyamara ana iya ɗaukarsa ɗan leƙen asirin wata jam'iyya.

Abin da ya fi komai zafi a nan shi ne man injin jirgi da ake kira firimis, wato fetur da aka gauraya da baƙin mai, wanda gwamnati ke sayarwa da rangwame ta hannun kwamitocin bakin ruwa. Wa ke cikin kwamitin, wa ya samu, wa aka hana, ina tankar da aka ce ta taso ta shige, duk rigimar siyasar gaɓar teku a nan take taruwa, tare da ƙorafin manyan jiragen da ke kwashe ƙananan kifi. In ka ga dogon layin jarkoki ana ta hayaniya, kada ka ajiye mota kusa. In aka ja ka da hirar, ka saurara kawai. Jihar Tsakiya, inda Winneba da Cape Coast da Elmina suke, takan sauya hannu tsakanin manyan jam'iyyun biyu, NPP da NDC, shi ya sa 'yan takara ke yi mata zarya, shi ya sa kuma kowa ke da abin faɗi.

Ka san launuka kafin ka zaɓi riga. NPP mai giwa tana da ja da fari da shuɗi. NDC mai lema tana da ja da fari da kore da baƙi. Tutocin da ke kan jirage ba duka na siyasa ba ne, masunta na son kafa tutar ƙasashe da ta kulob ɗin ƙwallo, amma kai baƙo ka guji haɗa waɗancan launuka a jikinka ko a motarka. In ayarin kamfen ya taho da babura da motar lasifika, ka sauka gefe ka bar su su wuce. Kada ka kutsa tsakiyarsu, kada ka yi ƙoƙarin wuce su. A nan ake buge madubi, daga nan sai cacar baki. Mankessim, da yake mahaɗa ce kuma babbar kasuwa, gangami ɗaya ya isa ya toshe ta.

Shingayen 'yan sanda sukan ƙaru. Ka riƙe lasisi, takardun mota, inshora, tukunyar kashe gobara da alamar gargaɗi mai kusurwa uku a inda hannu zai kai. Motar da ta fito daga wata ƙasa ta ECOWAS tana buƙatar katin inshora na ƙungiyar. Cikin gari kada ka haura gudun kilomita 50. Ka cika tanki a Cape Coast da Takoradi, ka riƙe canjin sidi, kuɗin Ghana, don kifi da dokunu, tuwon masara da ake naɗewa cikin ganye, ko da yake kuɗin waya na MTN yana aiki kusan ko'ina. Masallaci da abincin halal, ka tambayi zango; manyan garuruwan duk suna da shi, kuma Hausa za ta fisshe ka a can.

Ka kammala tafiyar kafin 5 ga Disamba, ranar da aka saba yin gangamin ƙarshe. Ranar zaɓe ana kaɗa ƙuri'a daga bakwai na safe zuwa biyar na yamma, bayan nan a ƙirga a rumfa, to ka zauna a masauki, ka nisanci wuraren tattara sakamako. Mai shigowa ta ƙasa ya tuna cewa a 2024 an rufe iyakokin ƙasa daga jajibiren zaɓe har kashegarinsa. Idan kuma babu wanda ya haura rabin ƙuri'u, akan je zagaye na biyu, kamar yadda aka yi ranar 28 ga Disamban 2008, sai kamfen ya dawo sabo a daidai lokacin da ɗakunan otal suka cika da masu hutun Kirsimeti.