Kurakuran da muke yi a ajin ɗaya da ajin biyu, da yadda ake gyara su

Duk wanda ya taɓa wucewa ta gefen firamare da safe a Gangare ko Anguwan Rogo ko Nasarawa Gwong a Jos ya san wannan ƙarar, yara sittin sun haɗa baki suna maimaita abin da malama ta faɗa har unguwa ta ɗauka, iyaye in sun ji sai su ce kai wannan malamar tana aiki. Ni ma na yi shekaru ina jin daɗin ƙarar nan. Ranar da abin ya fita a raina, wata yarinya ce da ta fi kowa ɗaga murya na kira gaban allo, na nuna mata kalma ta huɗu maimakon in fara daga ta farko, sai ta tsaya tana kallona, ta koma sama tana rerawa a hankali har ta iso inda sandana yake. Ba karatu take ba, layin ta haddace kaman waƙa. Na gwada wasu goma, biyu ne kawai suka iya. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba, zango biyu cur ina tare da yaran nan.

Toh wannan shi ne babban kuskuren, haɗa baki yana ɓoye wanda bai iya ba. Ba wai a daina shi kwata-kwata ba, ai yana buɗe ma yaro baki ya cire mai kunya, amma sau biyu ya isa, daga nan a koma layi-layi, sai bibbiyu kowa ya karanta ma na kusa da shi, sai ɗai-ɗai, kuma dan Allah ku riƙa nuna kalmomin a hargitse, daga ƙasa, daga tsakiya, ku goge ku sake rubutawa a wani gefen allon. Na san me za ku ce, manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 amma mu muna da ninkin haka, ina lokacin bin su ɗai-ɗai? Yara biyar a rana kawai. Lokacin da sauran ke rubutu ki kira biyar teburinki, kowa minti ɗaya ko biyu, ki sa alama da fensir a wata takarda, wanda ya san baƙaƙe, wanda ya iya haɗawa, wanda bai fara ba. Aji mai yara 60 cikin kwana 12 kin ji muryar kowa, sai ki sake zagayowa.

Abu na biyu yana manne da na farko, wato fara ma yaro da sunan harafi na turanci. Yaro ya iya waƙar ei bi si har ƙarshe, ki rubuta masa "ba" ya ce "bi ei", ya tsaya nan, don sunan harafi ba ya haɗuwa ya ba da kalma, sautinsa ne ke haɗuwa. Kuma mu da muke da Hausa Allah ya sauƙaƙa mana, yadda ake faɗa kusan haka ake rubutawa, wasula biyar ne a e i o u, ka ɗauko baƙi ka jingina masa wasali ka samu gaɓa, ba be bi bo bu. Ba sai an gama haruffa duka ba kafin a fara karatu. Ki ba su a, m, n, k, s kawai, cikin sati biyu za su karanta mama, nama, kaka, masa, sama, kuma ki kalli fuskar yaro ranar da ya haɗa "na" da "ma" da kansa ya gane ashe naman miya ne aka rubuta, daga ranar ba sai kin roƙe shi ya duba allo ba. Sannan haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɓ da ɗ kar a bar su sai aji uku, a nuna musu tun da wuri cewa kafa daban ƙafa daban, baki daban baƙi daban, mu kanmu malamai da yawa ba ma sa lanƙwasar a allo sai yaro ya taso yana ganin ado ce.

Maganar yare kuma, har yanzu akwai azuzuwan da ake cin tarar yaro ɗan shekara shida don ya yi banakula, wato yaren gida. Haba. A manufar ilimi ta 1977 an rubuta cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a inda yake zaune, kuma ko ba a rubuta ba hankali ma ya ba da haka, wanda bai gane tambaya ba ya zai amsa? A nan Jos ajinmu haɗin gambiza ne, ga Berom ga Afizere ga Anaguta ga Ngas ga Fulani ga Yarbawa, amma ki fita fili lokacin tara ki saurara, da Hausa mafi yawansu ke wasa. Sai dai a kula, ba kowane yaro ne ke jin ta sosai ba, musamman wanda iyayensa suka dawo garin kwanan nan, irin wannan ki zaunar da shi kusa da mai jin yarensu. Turanci kuwa a koyar da shi kullum, da baki tukuna, gaisuwa, sunayen abubuwan cikin aji, zauna tashi zo tafi, ana faɗa ana aikatawa. Iyaye suna son su ji turanci a bakin ɗansu kuma suna da gaskiya, amma yaron da ya iya haɗa gaɓa a Hausa ya riga ya gane sirrin karatu, ba daga sifili zai fara turancin ba. Inda za ki sha fama shi ne p da f tunda Hausa ba ta raba su, ki yanko 'yar takarda kowa ya riƙe gaban leɓensa, in ya rufe leɓe ya fasa p takardar za ta yi tsalle, suna son wasan nan sosai.

Sai rubutu. Mu cika allo tun daga sama har ƙasa mu ce a kwafa, mu koma mu zauna muna cike rajista, yaro ya yi minti arba'in yana zana abin da bai san me ya ce ba, littafi ya cika sufabaiza ya zo ya ga aiki. Layi biyu da yaro zai iya karanta miki bayan ya rubuta sun fi. Kuma ki ja layi a allon kaman na littafinsu don su ga wane harafi ne ke hawa sama wane ne ke sauka. Kafin fensir su rubuta a iska da yatsa, su rubuta a bayan juna, in akwai yashi a fili a fita a yi a ƙasa. Wani abin da muke dukan yara a kai ba laifinsu, yaron da ya fara makarantar allo ko islamiyya ya saba daga dama ake farawa, sai ya zo boko ya fara daga dama shi ma, ko ya buɗe littafi ta baya. Ba taurin kai ba ne, ilimi ne ya zo da shi. Ki ɗiga masa ɗigo a gefen hagu na kowane layi ki ce daga nan motar boko ke tashi, sati ɗaya ya saba. Haka juya b da d, kusan duk yara suna yi a farko, a raba koyar da su, kar a kawo su rana ɗaya. Bahago kuma a ƙyale shi ya rubuta da hagunsa, cin abinci da karɓar abu da dama tarbiyya ce muna koya musu, amma rubutu daban ne, na ga yaran da aka tilasta ma dama suka tsani fensir gaba ɗaya. Ki ba shi bakin benci ta hagu don kar gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa.

Yanzu safiya. Duk wanda ke Jos ya san sanyin Disamba da Janairu, yara su tsaya asembuli rabin awa cikin hazo wasu ko rigar sanyi babu, a shigo aji yatsu sun sandare mu ce a ɗauki fensir. Minti biyu na murza tafin hannu da tsalle da tafi kafin a zauna yana gyara wannan. Masu latti kuma, ɗan aji ɗaya ba shi ke kawo kansa makaranta ba, ko an tsaya jiran koko, ko ruwa aka je nema, ko yayar da ke rako shi ce ba ta shirya ba, sai mu sa shi durƙuso a waje har darasin farko ya wuce, darasin farkon nan kuma shi ne karatu. An hukunta shi da rasa abin da ya zo nema kenan. Ya shigo ya zauna, ki rubuta, in ya yi yawa ki nemi mamansa ko babansa ku yi magana cikin mutunci. Wanda kuma kwana uku ba ki gan shi ba ki aika a tambaya, sau da yawa zazzaɓi ne, wani lokaci talla ce aka ɗora ma yarinya, in ba a bibiya da wuri ba sai ta zama ta daina zuwa.

Kuma safiyar ta zama iri ɗaya kullum, gaisuwa, wace rana ce yau, nawa ga wata, kiran suna, sai karatu, sai lissafi, duk kafin tara lokacin da kansu ke sabo. Yaro in ya san abin da ke biye hankalinsa na kwanciya. Kiran sunan ma na mai da shi karatu, na yanka kwalin indomi na rubuta sunan kowa, da ya shigo zai nemo nasa ya jefa a kwando, wanda ya rage a tebur shi ne bai zo ba.

Yunwa da fitsari ba sai na ja ba. Lokacin da aka fara ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku a 2016 duk mun ga yadda azuzuwa suka cika a inda abincin ya kai, wannan kaɗai ya isa ya nuna mana yaron da ke kwanciya kan benci ƙarfe tara ba lallai lalaci ba ne, ki tambaye shi ko ya karya. Kuma kar a hana ƙaramin yaro fita bayi, in ya jiƙa wando a gaban 'yan aji sunan zai bi shi har aji shida. A sa lokacin fita layi-layi, buta da sabulu a bakin ƙofa.

Wurin zama ma muna zalunci ba mu sani ba, masu ƙoƙari a gaba, waɗanda muka yanke ma hukunci a baya can jikin bango, har mu kira su daƙiƙai a gaban kowa. Kalmar nan ku cire ta daga bakinku dan Allah. Wani ba ya gani ne sosai, wani kunnensa ke ciwo, ki lura da mai ƙanƙance ido ko mai juyo kunne ɗaya in kina magana, ki dawo da shi gaba ki faɗa ma iyayensa su kai shi a duba. Sauran kuma duk Litinin layi ya matsa, na baya ya dawo gaba.

Lissafi shi ma waƙa muka mai da shi, yaro ya ƙirga har ɗari amma ki ce ya miƙo miki dutse bakwai ya kwaso cikin hannu. Marfin kwalba kyauta ne, ki ce kowa ya tara ashirin a leda, da su za a yi tarawa da ɗebewa kafin a taɓa rubuta alama a allo. Tsinken tsintsiya kuma a ɗaure goma-goma da roba, dami ɗaya da tsinke biyu 12, dami biyu da tsinke ɗaya 21, nan take mai juya lambobi zai ga bambancin da idonsa. Hausa ma tana taimakawa a nan, goma sha uku goma ka fara faɗa kuma ita ka fara rubutawa, a turanci kuwa 13 da 30 kusan sauti ɗaya ne a kunnen yaro, shi ya sa nake fara lambobin da Hausa.

Surutu kuwa ihu ba ya kashe shi, bulala ma na minti biyar ne, kuma ki ba monita takarda ya rubuta masu surutu ki fita hira rigima kawai yake haifarwa, ɗan shekara bakwai ba zai riƙe miki aji ba. Ki yi alama ɗaya da kowa ya sani, ni tafi uku nake yi su amsa da biyu su naɗe hannu. In kin ga sun fara mutsu-mutsu ba rashin kunya ba ne, zaman ne ya ishe su, ki raba darasin gida uku, a saurara, a tashi a yi, a zauna a rubuta.

Na ƙarshe jan biro da aikin gida. Ki zabga ma yaro ƙaton kuros shafi guda ki rubuta sifili, bai san inda ya ɓata ba, abin da ya gane kawai malama ta yi fushi. Ki zagaye harafi ɗaya da ya karkace, ki rubuta daidai a gefe, ya sake sau uku a gabanki. Aikin gida kuma in ya yi yawa yayarsa ce za ta yi, kina ganin rubutun kin san ba hannunsa ba ne, ga islamiyya da yamma ga rashin wuta da dare. Ni abin da nake bayarwa yanzu kalma uku ne a 'yar takarda ya karanta ma Mama ko Kaka ko da su ba su yi boko ba, su dai su saurara, ko in ce ya ƙirgo min cokulan gidansu ko ƙofofi, gobe da safe kafin kiran suna kowa ya faɗi nawa ya samu mu rubuta a allo mu ga gidan wa ya fi yawa.