Yadda za ki kai ƙara kotun Musulunci da kanki ba sai da lauya ba

Mata da yawa suna zaune cikin ƙunci, miji ya yi saki ya ƙi ba da kuɗin abincin yara, ko ya tafi ya bar mace ba aure ba saki, wai ana jira sai an tara kuɗin lauya. 'Yar uwa, kotun shari'a ba ta ce dole sai da lauya ba, bakinki ma ya isa.

Ki fara duba irin auren da kuka yi. In ɗaurin aure ne na Musulunci, da waliyyi da sadaki da shaidu, to kotun shari'a ce taki, a Abuja kuma Area Court ake kai irin wannan. In kuwa auren rajista ne, dokar sakin aure ta Najeriya ta 1970 ta ce Babbar Kotu ce kaɗai ke raba shi, can kam takardu sun yi yawa, gara ki nemi hukumar gwamnati mai ba da taimakon lauya, wato Legal Aid Council, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, suna taimaka wa marasa hali kyauta.

Ki je kotun yankin da mijin yake zaune da safe ki nemi ofishin rajistara, ki faɗi ƙararki a rubuta, ki ba da cikakken sunansa da adireshin da za a same shi ko na wurin aikinsa, don nan ne ƙararraki da yawa ke maƙalewa, in sammaci bai isa hannunsa ba haka za a yi ta ɗaga zama. Ki biya kuɗin shigar da ƙara ki karɓi rasit. Kar ki miƙa wa masu shawagi a bakin kotu ko sisi, masu cewa "Hajiya kawo na shigar miki".

Abin da ya fi komai muhimmanci, ki san me kike nema tun daga gida. Khul'i daban, raba aure saboda cutarwa daban. A khul'i ke ce kike fansar kanki, yawanci ki mayar da sadaki, amma in dukanki yake ko ya hana ki ci da sha kuma kina da shaidu, alƙali na iya raba ku ba ki mayar da komai ba. Wasu saboda zafin zuciya sai su ce "ni dai a raba mu kawai", a ƙarshe su biya kuɗin da bai kamata su biya ba. Haka riƙon yara, a mazhabar Malikiyya uwa ce ke da haƙƙi, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, in uwar ta sake aure yawanci ya koma wurin kakarsu ta wajen uwa, ciyarwa kuma tana kan uba ko yaran suna hannun wa. Ki rubuto lissafin abinci da makaranta da magani na wata.

Ranar zama ki zo da takardar saki in akwai, da takardar asibiti in an ji miki ciwo, da shaidun da suka gani da idonsu ba 'yan "an ce" ba, maza biyu adilai sun fi ƙarfi. Ki ce "Allah gafarta Malam" ki yi bayani a tsanake, in yana magana kar ki katse shi ko da ƙarya yake shararawa, za a ba ki dama. Alƙali zai iya tura ku sulhu tukuna, wannan ba wulaƙanci ba ne.

In an yanke hukunci ki nemi kwafinsa. Bai miki ba, ki ɗaukaka ƙara zuwa kotun sama da wuri kafin kwana 30 su cika.