Kurakuran da iyaye ke yi wajen ba yara man kifi da makamantansa don su yi tsawo

Babban kuskure shi ne sayen kwalba kafin a auna yaro. Uwa ta ga ɗanta ya fi sa'o'insa gajarta, hankalinta ya tashi, sai a ce mata ga man hantar kifi, ga garin ɓawon kawa, ga ƙwayar ciyawar teku. Amma galibin tsawon mutum gado ne. Likitoci kan haɗa tsawon uwa da na uba a santimita, su ƙara 13 idan namiji ne ko su cire 13 idan mace ce, su raba biyu, sai a samu kimanin inda yaron zai tsaya. Abin lura kuma shi ne saurin girma: daga shekara 4 zuwa balaga, yaro kan ƙara santimita 5 zuwa 6 a shekara. Wanda ke yin haka, ko gajere ne, galibi lafiyarsa ƙalau. Wanda ƙarin tsawonsa bai kai santimita 4 a shekara ba, asibiti ya kamace shi, don ana iya samun tsutsar ciki, sikila, ciwon ƙoda ko matsalar tayirod (sashen wuya da kumburinsa ke zama maƙoƙo), kuma babu man kifin da ke maganin waɗannan. Duk watan da aka ɓata ana jiran kwalba ta yi aiki, asara ce ga yaron.

Sai kuma zaton cewa abin da ya fito daga teku ba ya cutarwa, ko nawa aka sha. Wannan ya fi damuna. Man hantar kifi cike yake da bitamin A da D, su kuwa taruwa suke a jiki, fitsari ba ya fitar da su. Idan aka haɗa shi da wani maganin bitamin, yaro na iya fara ciwon kai, amai da ciwon ƙashi, hanta ma ta taɓu. A zaɓi ɗaya, a bi awon da likita ya faɗa. Haka ciyawar teku: aidin ɗin cikinta yakan yi yawa ƙwarai, ya rikita tayirod ɗin da ake so ya taimaka wa girma.

Kalsiyam na ɓawon kawa da abinci ake shansa, kuma jiki ba ya iya ɗaukar fiye da miligiram 500 da kyau a lokaci guda, don haka a raba shi. Kada a haɗa shi da maganin ƙarin jini a sa'a ɗaya.

Yaron da jatan lande ko kaguwa ke sa wa ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, a karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba don a tabbatar babu su a ciki kafin a ba shi ko ɗigo.

Akwai kuma batun lokaci. Tsumburewa ta rashin abinci tana kafuwa ne a kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa shekara 2, nan ya kamata a fi zuba ƙoƙari. Bayan balaga kuwa guringuntsin da ke bakin dogayen ƙasusuwa yakan rufe, mata da wuri, maza a baya kaɗan, daga nan babu ƙwayar da za ta ƙara ko santimita ɗaya. A tsakani, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, ƙwai, madara da isasshen barci sun fi garin da aka sa a kwalba amfani, sai fa idan gwaji ya nuna yaron na da ƙarancin wani sinadari kamar zink ko bitamin D.