Yadda ake auna zafin ilektiron a filasma da tsinken Langmuir

Tsinken da Irving Langmuir da Mott-Smith suka shimfiɗa ƙa'idarsa a 1926 har yau shi ne hanya mafi arha ta sanin zafin ilektiron da yawansu a filasmar da maganaɗisu ya tsare a ɗakin gwaji. Filasma iska ce da atom ɗinta suka rabu zuwa ilektiron da ayon (atom ɗin da ya rasa ilektiron), tsinken kuma 'yar waya ce da ake zurawa cikinta a auna wutar lantarkin da take ja.

Ka samu wayar tangistin mai kaurin rabin milimita, ka zura ta cikin bututun alumina (tangaran da wutar lantarki ba ta ratsa shi), ka bar milimita 2 ko 3 kawai a waje. Kada arhar jan ƙarfe ta ruɗe ka, domin ba ya jure zafi kamar tangistin. Bayan an zuƙe iskar tukunyar da za a kunna filasmar a cikinta, an saki iskar agon, filasma ta kama, sai ka shigar da tsinken a hankali.

A nan ne yawancin ɗaliban da na koyar suka yi tuntuɓe, domin suna fara awo da tsinke mai datti. Maiƙon yatsa da tsatsar da ido ba ya gani kan rufe bakin wayar, sai zafin da aka lissafa ya fi na gaskiya. Ka ba tsinken boltej mai jawo ilektiron har bakinsa ya yi ja kamar garwashi na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ka sauke kafin ya narke. Daga nan ka ɗaga boltej daga ƙasa zuwa sama, ka sake dawo da shi, kana zana layin wutar da tsinken ke ja a kan boltej. Idan layin tafiya da na dawowa ba su hau kan juna ba, to da sauran datti, kuma duk alƙaluman da ka ɗauka a wannan hali zubar da su za ka yi. Na ga ɗalibin da ya yi asarar aikin mako guda saboda ya ƙi yin wannan gwajin na minti biyu.

Sai ka cire kason ayon daga wutar da ka auna, ka zana logaridim ɗin abin da ya rage a kan boltej. Gangaren miƙaƙƙen sashen ne ke ba da zafin a ma'aunin ilektironbolt, kuma ilektironbolt 1 ya kai kimanin Kelbin 11,600. Ka tsaya kusa da inda wutar ta zama sifiri, kada ka amince da gwiwar saman layin, wato inda yake lanƙwashewa, domin a maganaɗisu mai ƙarfin tesla 0.05 da'irar da ilektiron mai ilektironbolt 3 ke kewayawa ta fi kaurin wayar ƙanƙanta, abin da ke rage adadin da ke isa tsinken. Yawan ilektiron kuwa, ka fitar da shi daga sashen ayon, wato ƙasan layin inda ayon kaɗai ke isa tsinken, da lissafin Bohm, wanda ke danganta wutar ayon da yawan filasma da zafin ilektiron.